Akwai Wani Magani Da Ake Sha?

Tambayar ba ta da tsawo. Likita ma yakan yi ta ne kansa a sunkuye, biro na tafiya a kan kati: "Akwai wani magani da ake sha kullum?" Mai hawan jini zai ce e, ya faɗi sunan ƙwayarsa. Mai ciwon suga har kwalin zai ciro daga aljihu. Mu kuwa, kafin mu buɗe baki sai idonmu ya zagaya ɗakin. Ƙofa a rufe take ko a buɗe? Waye zaune a ɗaya teburin? Yarinyar nan mai jera fayil, ba a layinmu take aure ba? Wanda ya rako mu yana ciki ko yana waje? A cikin numfashi ɗaya muke gama wannan lissafin, kuma sau da yawa abin da ke fitowa daga bakinmu shi ne, "A'a likita, sai dai farasitamol in kai ya yi ciwo."

Mu takwas ne, maza uku mata biyar, kuma benci ne ya haɗa mu. Duk bayan wata uku muke haɗuwa a wani asibitin gwamnati, a ɓangaren da ke can ƙarshen baranda, inda ake ba masu ɗauke da ƙwayar HIV magani kyauta. Tun muna kawar da kai in mun haɗa ido, har muka fara gaisawa, har ta kai mun roƙi mai rubuta ranar dawowa ta riƙa haɗa mana rana ɗaya. A cikinmu akwai direban tirela, akwai malamar firamare, akwai tela, akwai wadda muke kira Yaya saboda ta riga kowa shiga wannan layin, tun zamanin da ake haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma. Rabinmu ba a garin muke zaune ba. Muna tsallake asibitocin da ke kusa da gida, mu biya kuɗin mota, don kada mu yi karo da idon sani.

A wannan ɓangaren ba mu da abin ɓoyewa. Likitar can ta san nauyin kowannenmu, ta san wanda matarsa ta sani da wanda har yau bai iya faɗa ba. Matsalar tana wajen sauran: likitan haƙori, likitan ido, na asibitin unguwa da ake kai mutum in zazzaɓi ya kayar da shi da tsakar dare, ungozomar ɗakin haihuwa, har da mai kemis, wanda a unguwanninmu shi ne likitan farko. Su ne ke yi mana waccan tambayar. Shekara da shekaru muna gardama a kan bencin nan, a faɗa musu ko a yi shiru.

Wanda bai taɓa zama inda muke zaune ba zai ce wace irin gardama ce wannan, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gaskiya ne. Sai dai mai wanka yakan ja ƙyauren banɗaki kafin ya tuɓe, kuma ɗakin ganin likita a yawancin asibitocin da talaka ke zuwa ba shi da wannan ƙyauren. Likita biyu ne a ɗaki ɗaya, wani lokacin uku, kowa da mara lafiyarsa, gwiwa na gugar gwiwa. Na gaba a layi ya riga ya leƙo, yana tsaye a bakin ƙofa da katinsa a hannu. A ɗakin kwanciya kuwa, lokacin zagayen safe, ƙaramin likita zai tsaya a ƙafar gado ya karanto wa babbansa tarihinka da Turanci, a ganinsa ya rufa maka asiri, alhali haruffan nan uku ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san su.

Sai kuma mai rakiya. A wurinmu mara lafiya ba ya zuwa asibiti shi kaɗai, kuma wannan alheri ne da ba za mu raina ba, don su ne masu sayo magani da kwana a tabarma a gefen gado. Amma uwar mijin da ta riƙo ki, ko ƙanen da ya ɗauko ka a babur, ba sa tsayawa a waje. Su ne ma ke amsa rabin tambayoyin likita. Ta yaya za ki ce wa surukarki ta ɗan ba ki wuri? Faɗin hakan kaɗai ya sanar da ita akwai abin da ake ɓoye mata.

Telan cikinmu ya taɓa faɗa. Haƙori ne ya hana shi barci kwana uku, ya je a cire, aka tambaye shi, ya faɗi gaskiya. Shi ne na biyu a layi da safe, amma sai da aka sallami kowa, wajen la'asar, sannan aka kira shi. Yana kallo aka ɗora safar hannu a kan safar hannu, aka ja jan biro a bangon fayil ɗinsa, rubutu ɓaro-ɓaro yadda duk wanda ya ɗauka daga ɗakin kati zuwa famasi zai gani. Ba wanda ya zage shi, kuma an cire haƙorin lafiya. Amma ya ce da ya fito ji ya yi kamar an watsa masa ruwan kwata, kuma tun daga ranar ya ɗaure bakinsa. Ita kuwa Malama, likitan da ta faɗa wa ya riƙe amana. Wata mai kai fayil daga ɗaki zuwa ɗaki ce ta leƙa, ta kai labari unguwa. Kafin mako biyu, iyaye uku sun janye 'ya'yansu daga darasin yamma da take yi a gida. Magana zarar bunu ce, kuma ba likita kaɗai ke taɓa takardar da likita ya rubuta ba.

Tsoron nan ya girme wasunmu. A 1986 aka fara ba da rahoton cutar a Najeriya, kuma a shekarun da suka biyo baya babu magani a hannun talaka, sai zanen ƙwarangwal a allunan gefen titi da sunaye irin su ƙanjamau da kabari kusa. Lokacin da Fela Kuti ya rasu a watan Agustan 1997, wansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likita kuma tsohon ministan lafiya, ya fito ya faɗa wa duniya abin da ya yi ajalinsa. An yi ta mamakin ƙarfin halinsa, domin a lokacin iyalai cewa suke yi taifot ne, ko sammu. Yau ƙwaya ɗaya muke sha a rana, muna aure muna haihuwa, wasunmu har sun ga jikoki. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya ƙiyasta mu kusan miliyan 1.9 ne. Akwai ma dokar tarayya ta 2014 da ta haramta nuna mana wariya da fallasa matsayinmu ba da yardarmu ba. Sai dai babu ɗaya a bencinmu da ya taɓa tunanin kai ƙara, domin kai ƙara na nufin ka tsaya gaban alƙali da jama'a ka maimaita da bakinka abin da kake kukan an faɗa.

Da a nan maganar ta tsaya, da masu cewa a yi shiru sun ci gardama. Direbanmu ne ya ɓata musu lissafi.

Shekara shida yana shan magani bai tsallake rana ba. Ko yana Legas ko yana Maiduguri, ƙarfe tara na dare wayarsa za ta yi ƙara. Ya juye ƙwayoyin a robar maganin ƙarin kuzari, ya cusa auduga don kada su yi kacau-kacau yaran mota su ji. Kwatsam sai awon jininsa ya nuna ƙwayar cutar da ta daɗe a kwance ta farka, ta haura 1,000, adadin da in aka wuce shi likita ke fara zargin ko dai ba a shan maganin ko ya daina aiki. Likitarmu ta tsare shi da tambaya, ya rantse har idonsa ya kawo ruwa. Aka sa shi zaman nasiha na wata uku, da gargaɗin cewa in abin bai sauka ba za a canja masa zuwa wani rukunin magani. A zama na biyu ne mai ba da magani, wata matashiya mai haƙuri, ta ce ya lissafo mata duk abin da ke shiga bakinsa daga asuba zuwa kwanciya, har shayi da goro. A nan ya ambaci farin maganin olsa na ruwa da wani likita a wani asibitin kan hanya ya rubuta masa wata biyar baya. Duk dare yakan kurɓa, ya bi da ƙwayarsa. Likitan ya yi masa tambayar nan kuwa. Ya ce babu, saboda yaron motarsa na tsaye a kansa riƙe da makulli.

Ƙwayar da yawancinmu ke sha yanzu, wadda ake kira TLD, magani uku ne a haɗe, kuma ɗaya daga ciki, dolutegrabir, ba da kowa yake shiri ba. Farin maganin olsa yana ɗauke da sinadaran magnesiyam da alminiyam, waɗanda ke kama shi tun a hanji su hana fiye da rabinsa shiga jini. Ba a hana shan na olsar ba, tazara kawai ake so: a sha TLD awa 2 kafinsa, ko awa 6 bayansa. Bayanin minti ɗaya ne, da likitan kan hanya ya sani. Direba ya raba su, da aka sake awo ƙwayar ta koma ta kwanta.

Daga nan muka fara yawan tambaya, sai muka tarar jerin yana da tsawo. Maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da ake ba masu ciki a wajen awo su ma haka suke yi, sai dai in da abinci aka haɗa aka sha. Rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, yana sa hanta ta yi saurin kawar da dolutegrabir, shi ya sa ake ƙara wa mai shan su tare wata ƙwayar mai miligiram 50 bayan awa 12. Wasu magungunan farfaɗiya ma irin wannan ɓarnar suke yi. Metfomin na masu ciwon suga kuma ƙwayarmu ce ke ƙara masa yawa a jini, sai an lura da adadin da ake bayarwa. Tenofobir, wani daga cikin ukun, ta ƙoda yake fita, don haka mai haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su diklofenak kamar gyaɗa yana ɗora wa ƙodarsa kaya biyu. Wanda aka kwantar a asibiti bai faɗa ba kuwa, ko dai ya riƙa haɗiya a ɓoye a banɗaki, ko ya yi mako ba magani. In yana da ciwon hanta nau'in B, wanda magungunan nan ke dannewa tare da HIV, tsayawa farat ɗaya na iya tayar masa da shi.

Akwai kuma hanyar da tunanin likita zai bi. Ciwon kai na mako biyu a jikin wanda garkuwarsa ta yi ƙasa yana iya zama wani nau'in sanƙarau da ba ya jira. Likitan da ba a faɗa wa ba zai fara da maleriya, ya koma taifot, ya ƙara ruwa, kwanaki na tafiya. Mun san wadda ta tafi a haka. Ba 'yar bencinmu ba ce, ranar Talata take zuwa, amma mun je mun yi wa mahaifiyarta gaisuwa a matsayin ƙawayen kasuwa.

Yaya ce ta kawo wata fuskar maganar, wato haƙƙin mai yi mana aiki. Ta ce hannun da ke ɗinke ka, in allura ta soke shi fa? Tela ya ce wannan ba nauyinsa ba ne, kuma yana da hujja. Ƙa'idar aikin asibiti ita ce a ɗauki jinin kowane mara lafiya a matsayin mai iya ɗauke da cuta, a sa wa kowa safar hannu iri ɗaya, a tsabtace kayan aiki iri ɗaya, domin mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar ba su sani ba. Mu da muka sani, muke shan magani har na'ura ta daina ganin ƙwayar a jininmu, mun fi wanda bai taɓa gwaji ba ƙarancin haɗari. Ko da jinin mai cutar ne, kimanin sau 3 cikin 1,000 ne sukar allura ke sa wa ma'aikaci. Ciwon hanta nau'in B ya fi haka saurin kamawa nesa ba kusa ba, amma ba mu taɓa ganin an mayar da mai shi ƙarshen layi ba. Yaya ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce duk ta yarda, amma ranar da allura ta soki nas a kanta ba za ta jira a tambaye ta ba, domin akwai maganin kariya na kwana 28 da dole a fara shi cikin awa 72, kuma ba za ta iya tsayawa gaban Allah da wannan nauyin ba. A kan wannan ba wanda ya yi musu, har telan.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne na autarmu. Mijinta ya san matsayinta tun kafin aure, ya ce ya ji ya gani. Danginsa ne ba su sani ba. Da ta samu ciki, ta shirya haihuwa a asibitinmu inda fayil ɗinta yake. An riga an yi mata bayani: in ba a ɗauki wani mataki ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan kamu daga iyayensu mata, in kuwa uwa na kan magani aka kuma kula da jaririn, adadin yakan sauka ƙasa da 5. An ba ta ƙaramar kwalbar nebirafin na ruwa, wanda ake fara ɗiga wa jariri jim kaɗan bayan haihuwa har zuwa mako shida. Ta naɗe ta a cikin safar jariri, ta tura can ƙasan jaka.

Naƙuda ba ta bi shirin ba. Ƙarfe biyu na dare ta zo, ana ruwa, miji ya yi tafiya. Uwar mijin ce ta tashi maƙwabci mai adaidaita sahu, suka nufi ƙaramin asibitin da ya fi kusa. Ta ce mana tana kan gado, ciwo ya ɗan lafa, ta ji ungozoma ta yi tambayar nan. Tsohuwa na riƙe da hannunta tana tofa mata addu'a. Ta ce a ranta in ta yi shiru ba ita za ta biya ba.

"Inna," ta ce, "don Allah a duba mini ko jakar kayan jaririn ta shigo, kada mai adaidaita ya tafi da ita."

Tsohuwa na fita ta jawo rigar ungozomar, ta faɗa mata a kunne. Ungozomar, mace mai manyan shekaru, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kin sha na yau?"

"Na sha."

"An ba ki na jaririn?"

"Yana cikin jakar."

"To madalla, 'yata. Yi nishi."

Da asuba namiji ya faɗo. Ungozomar ta nemi jakar da kanta, ta ja maganin a sirinji ta ɗiga masa, sannan ta juya wajen tsohuwa. "Hajiya, wannan maganin jarirai ne, sau ɗaya kullum har sati shida, uwar ce za ta riƙa ba shi da hannunta. Kuma ban da ruwa, ban da zuma, ban da jiƙo, nono zalla har wata shida." Abin da ta rubuta, a cikin fayil ta rubuta shi, ta rufe ta sa a durowa. Auta ta ce a makonni shidan nan surukarta ce ke leƙowa kullum da hantsi tana cewa, "An ba maigidan nawa maganinsa kuwa?"

Mun daɗe muna juya wannan labarin. Ungozomar nan ba ta da na'urar da asibitin da ya cire wa tela haƙori ba shi da ita. Ta rage murya ne kawai, ta tambayi abin da aikinta ke buƙata, ba ta tambayi inda aka samo ba. Da za mu samu tabbacin irin wannan a kowane ɗaki, da gardamar bencinmu ta ƙare tuntuni. Ga ma'aikatan lafiya da za su karanta wannan, roƙonmu ba ya cin kuɗi. Ku mayar da shi al'ada ku ce wa mai rakiya ya ɗan jira a waje na minti biyu, ga kowane mara lafiya, mai mura da mai karaya, yadda fitar ba za ta zama alama ba. In kun yi tambayar a gaban mutane aka ce muku babu, ku sake yin ta in ɗaki ya zama daga ku sai mu. Abin da kuka ji kuma ya zauna a cikin fayil, kada ya hau bangonsa.

Mu ma mun canja namu. Yanzu kusan kowannenmu na yawo da 'yar takarda mai ɗauke da haruffa uku, TLD, a naɗe a bayan katin shaida. In likita ya yi tambayar ɗaki cike da mutane, sai mu miƙa masa ita tare da katin asibiti, baki na cewa babu, takarda na faɗin gaskiya. Mun gwada, kuma yawancin likitoci sukan karanta, su gyaɗa kai, su mayar mana a naɗe. Malama ta koyi cewa, "Likita, ina da magana ta mata," wadda ke fitar da kowane ƙane daga ɗaki ba tare da zargi ba. Duk wanda zai rubuta mana magani, ko ya yi mana tiyata, ko ya karɓi haihuwa, mun yanke muna faɗa masa. Tela bai sauka daga bakansa ba, har yau ba ya faɗa wa kowa a waje, kuma ba mu tilasta shi ba, don mun san abin da ya gani. Amma ya yarda da abu ɗaya: duk takardar maganin da aka rubuta masa a wani wuri, sai ya ɗauki hotonta ya tura wa matashiyar famasinmu kafin ya haɗiyi ko ƙwaya ɗaya.

A haɗuwarmu ta ƙarshe auta ta zo da yaron. An yi masa gwajin mako shida, ba a ga komai ba. Ya bi hannuwa daga wannan ƙarshen benci zuwa wancan, direba ya sa masa ɗari biyar a cikin zani, tela ya ciro 'yar riga mai aiki a wuya da ya ɗinka ba tare da ya gaya wa kowa ba. Gwajin ƙarshe sai bayan an yaye shi, kuma da sauran watanni. Mun roƙi mai rubuta rana ta haɗa ranar da tamu, don mu zauna tare da uwarsa a jira sakamakon. Allah ya raya shi, ya sa mu ji alheri.